Tsoron waƙa: Larurar da ake yi wa dariya a intanet, da fuskokinta a birnin Agadez

Duk wanda ya yi lakwal a Agadez ya san ranar resitasiyo. Mushe zai buɗe littafin sunaye, aji ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai yana addu'ar kada yatsa ya faɗa kan sunansa. Wanda aka kira zai fito gaban allo, ya harɗe hannu, ya soma rero baitocin da ya kwana yana haddacewa da Faransanci. Wani zai kai ƙarshe lafiya. Wani kuwa a ɗango na uku harshe zai ƙage, gumi ya karyo, gwiwoyi su hau rawa, sauran yara su tuntsire da dariya.

Mafi yawan yara suna girma su mance, har abin ya koma labarin ban dariya a fada lokacin da ake jiran shayi na biyu. Amma akwai waɗanda ba sa mancewa. Sun zama magidanta, wasu direbobi, wasu 'yan kasuwa a Tamanrasat ko Sabha, amma har gobe da an miƙo musu takarda mai gajerun layuka a jere an ce su karanta a gaban jama'a, sai gabansu ya faɗi kamar an ce ga jandarma.

Wannan hali yana da suna a shafukan intanet: metrofobiya, wato tsoron waƙa. An ƙera sunan ne daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin awo ko ma'auni, irin karin da ake ɗora baiti a kansa, ɗayar kuma tsoro. Yana yawan fitowa a jerin "tsoro mafi ban mamaki a duniya" da matasa ke turawa juna a WhatsApp da Facebook, kusa da tsoron dogayen kalmomi da tsoron madubi. A karanta, a yi dariya, a wuce.

A garin da ba a ɗaurin aure ko suna ba tare da mawaƙi ba, garin da kaset ɗin waƙa ya taɓa zama abin da ake ɓoyewa kamar makami, batun ya wuce na dariya.

Abin da likitoci suka sani

Da farko dai, babu wata cuta mai suna metrofobiya a manyan kundayen da likitocin ƙwaƙwalwa ke aiki da su. Ba ta cikin kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ba ta kuma cikin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya soma aiki a watan Janairun 2022. Abin da ke ciki shi ne babban rukuni guda: matsanancin tsoron wani abu takamaimai. A nan ne ake sa mai tsoron maciji, mai tsoron allura, mai tsoron hawa sama ko shiga jirgi, kuma a nan mai tsoron waƙa zai faɗa idan alamunsa sun cika.

Sharuɗɗan ba su da sassauci. Dole tsoron ya zarce haɗarin da ke cikin abin nesa ba kusa ba. Dole ya riƙa tasowa kusan duk lokacin da mutum ya gamu da abin. Dole ya sa mutum kauce-kauce, ko ya jure cikin azaba. Dole ya ɗauki kamar wata shida ko fiye, ya kuma taɓa karatunsa, sana'arsa ko zamansa da mutane. Saboda haka saurayin da ya ce waƙa ba ta burge shi, ko ɗalibar da darasin adabi ke sa ta hamma, ba su da wata larura. Ƙin abu daban, tsoronsa daban.

Rukunin kansa ba ƙarami ba ne. Wani nazari da aka wallafa a 2017, bisa binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 22, ya gano cewa kashi 7.4 cikin ɗari na mutane sun taɓa fama da irin wannan tsoro a rayuwarsu, kuma yawanci yana somawa ne a wajen shekara takwas. Shekara takwas kuwa ita ce shekarun yaron da ke tsaye gaban allo yana neman ɗango na uku.

Hankaka da cuku

Resitasiyo gadon tsarin makarantar Faransa ne. Cikin abubuwan da aka fi bai wa yara a ƙasashen da Faransa ta raina akwai tatsuniyoyin Jean de La Fontaine masu kari, waɗanda kashinsu na farko ya fito a 1668, sai waƙoƙin marubutan Afirka irin su Léopold Sédar Senghor, Birago Diop da David Diop. Babu laifin waƙoƙin. Matsalar ita ce yaron da ya tashi da Tamashek a gida, Hausa a titi da kasuwa, shi ake sa wa Faransancin ƙarni na 17 a baki tun bai iya tambayar ruwan sha da harshen ba.

Abin takaici ma, shahararriyar tatsuniyar nan ta hankaka da yanyawa a kan cuku take. Babu yaron Agadez da bai san cuku ba, ana talla da shi a tasha, ana dakawa a fura. Sai dai sau da yawa yaro zai haddace baitocin daga farko har ƙarshe ba tare da ya gane cewa abin da ke bakin hankakan shi ne wanda kakarsa ke shanyawa a kan tabarma ba. Abin da ba ka fahimta ba, da ka manta kalma ɗaya shi ke nan, igiya ta tsinke, babu ma'anar da za ka kama ka ci gaba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bayyana yadda irin wannan tsoro ke kafuwa. Idan abu marar cutarwa ya zo tare da zafi ko kunya sau da yawa, ƙwaƙwalwa sai ta ɗaure su wuri guda. Baiti ya zo da bulala, ya zo da dariyar aji, ya zo da sifiri a takarda, to daga baya ganin baitin kaɗai ya isa ya sa zuciya bugawa. Gudun abin kuma shi ke ciyar da tsoron: duk ranar da yaro ya ƙirƙiro ciwon ciki ya tsira daga resitasiyo, sauƙin da ya ji yana koya masa cewa gudu ne mafita.

Likitoci kan yi wata tambaya a nan: waƙar ce abin tsoron, ko idon jama'a? Idan mutum na iya karanta baiti shi kaɗai a ɗaki lafiya lau, amma ya kasa a gaban mutum biyar, to abin ya fi kama da tsoron taro, wanda rukuni ne mai zaman kansa. A ƙasar Hausa da Abzin wannan na da wuyar ganewa, domin akwai rigar da yake fakewa a ciki. Bahaushe ya kira ta kunya, Ba'abzine ya ce takarakit, kuma duka biyun abin yabo ne. Yarinyar da ba ta iya buɗe baki a aji sai a ce tana da tarbiyya.

Tsoron da ke da dalili

Akwai kuma wani tsoron waƙa da babu likitan da zai kira shi cuta, domin haɗarin na gaske ne.

Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran abin da ake rerawa da kiɗa da abin da ake rubutawa a takarda: duka waƙa ne. Ya kuma san waƙa na da kaifi biyu. Maroƙin da ya wasa ka yau, idan ka hana shi gobe, zai iya yi maka zambo ko habaici da zai bi ka har jikoki. Mai kuɗi da yake liƙa wa mawaƙi takardun jaka goma a wurin biki, ba kullum don daɗin muryar ba ne. Wani lokaci kuɗin rufe baki ne.

A wajen Abzinawa wannan aiki na maƙera ne, inadan. Su ne masu ƙera takobi da azurfa, su ne 'yan aike a maganar aure, su ne kuma masu waƙar yabo a biki, kuma al'ada ta ba su damar faɗin abin da ɗan babban gida ba zai iya furtawa ba saboda nauyin baki. Shi ya sa ake kyautata musu, ake kuma shakkarsu. Haka mata. A zamanin yaƙe-yaƙe, namijin da ya juya baya a fagen daga ya san abin da ke jiransa a gida: baiti daga bakin mata, wanda zai zagaya rijiyoyi kafin raƙuminsa ya huta. Faɗa Charles de Foucauld ya tattara dubban ɗangogin irin waɗannan waƙoƙi a yankin Ahaggar, aka buga su a littattafai biyu a 1925 da 1930. Na ƙasar Abzin kuwa, Moussa Albaka da Dominique Casajus sun fitar da nasu kundin a 1992.

Yau wayar salula ta ƙara wa abin gudu. Habaicin da a da sai an je biki za a ji, yanzu saƙon murya ne da zai tashi daga Agadez da hantsi ya isa Tarabulus da Marsai kafin azahar.

Lokacin da hukuma ta ji tsoro

Babu wanda ya nuna tsoron waƙa a fili a tarihin Agadez na baya-bayan nan kamar masu riƙe da bindiga.

Bayan farin shekarun 1970 da 1980, dubban samarin Abzinawa sun bar daji sun nufi Aljeriya da Libiya neman aiki. Aka riƙa kiransu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aikin yi. A can suka ɗauki jita suka ɗora mata baitocin kewa, ƙishirwa da fushi. A Mali ƙungiyar Tinariwen ce ta yi fice. A Nijar kuwa sunan da ke gaba shi ne Abdallah Oumbadougou, haifaffen yankin Agadez a 1962, wanda ya kafa ƙungiyar Takrist n'Akal.

Bayan kashe-kashen Cintabaraden a watan Mayun 1990, tawaye ya ɓarke a arewa. Waƙoƙin Abdallah suka zama jaridar mutanen da ba su da jarida: ana naɗa a kaset, a kwafa daga rediyo zuwa rediyo har murya ta dusashe, a ba direba ya kai Arlit ko Ingal. Hukumomi suka haramta su. Samun kaset ɗin a jakar mutum a shingen bincike na iya sa a ɗauke shi ɗan tawaye. Sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995, ranar da har yau ake hutu a Nijar don tunawa da ita, mawaƙin ya iya tsayawa a dandali a fili. Daga baya ya buɗe makarantun koyon kiɗa a Arlit da Agadez. Ya rasu a farkon 2020.

Tarihi ya maimaita kansa a 2007, lokacin da ƙungiyar MNJ ta ɗauki makami bayan harin Iferwan a watan Fabrairu. A watan Agusta shugaba Mamadou Tandja ya sa jihar Agadez cikin dokar ta-ɓaci. Magana ta yi tsada. An kama Moussa Kaka, wakilin RFI, a watan Satumba, ya shafe fiye da shekara a tsare. An kama Ibrahim Manzo Diallo na jaridar Aïr Info da ke Agadez a watan Oktoba. A 2008 aka rufe gidan rediyon Sahara FM.

Makaɗa ma ba su tsira ba. Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, haifaffen Tidene a 1980, ya sha bayyana cewa a lokacin an hana Abzinawa kiɗan jita, kuma an kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa. Shi ya tsere zuwa Burkina Faso. Wannan ne gudun hijirarsa na biyu, domin yana ɗan shekara goma iyalinsa suka gudu Aljeriya a tawayen farko.

A watan Janairun 2010, bayan an ajiye makamai, Bombino ya dawo ya yi wasa a gindin hasumiyar Babban Masallacin Agadez, mai tsayin mita 27, da amincewar Sarkin Abzin. Ba'amurke Ron Wyman ya ɗauki taron a fim ɗinsa kan kiɗa da tawaye a Agadez. Shekara takwas bayan haka faifansa mai suna Deran ya shiga takarar kyautar Grammy, karo na farko ga ɗan Nijar.

Ba Nijar kaɗai ba ce. A Kano, a 2009, an gurfanar da Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, a zamanin da hukumar tace fina-finai ta jihar ke takun-saƙa da mawaƙa da marubuta. Gwamnati ba ta zuwa asibiti a auna ta, amma alamun da littafin likitoci ya lissafa, wato firgita da ta zarce haɗari da kuma gudun abin ko ta halin ƙaƙa, ba su yi nisa da abin da aka gani ba.

Wannan tarihi ya bar tabo a jikin mutane. Wanda aka taɓa sauke shi daga mota aka zazzage kayansa ana neman kaset, ko wanda wata waƙa ce ake ji a ranar da aka zo da labarin mutuwar ɗan'uwansa, zai iya tashi ya bar wurin biki da an taɓa wannan karin. A wajen likitoci wannan ba metrofobiya ba ce, ya fi kusa da larurar firgici bayan tashin hankali, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Matafiyan da suka dawo daga gidajen yarin Libiya, waɗanda wasunsu ke ratsawa ta cibiyar Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya a Agadez, sun san yadda sauti ɗaya ke maido da dare guda cur.

A cikin gida

Sai tsoron iyaye. Mdou Moctar, wanda ya taso a yankin Abalak kafin ya yi suna a Agadez, ya sha ba da labarin yadda gidansu na masu addini ba su yarda da jita ba, har ya ƙera tasa da katako da wayar birkin keke. Fim ɗin da Christopher Kirkley ya shirya da shi a Agadez, wanda ya fito a 2015, a kan wannan rikici na ɗa da uba aka gina shi.

Malamai sun yi saɓani kan kayan kiɗa, wannan sananne ne. Amma baiti kansa yana da tsohon gurbi a zauren malamai. Ƙarshen Suratus Shu'ara'i ya soki mawaƙa, sannan ya ware masu imani da aiki nagari. Hassanu bin Sabit mawaƙin Manzon Allah (SAW) ne. A Agadez ɗin nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma shi da ƙaninsa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka isar da karatu ga makiyaya da matan kulle. Duk watan Maulidi ana raba dare ana rera Ishiriniya da Burda. Yaron da harshensa ke ƙagewa a gaban La Fontaine, sau da yawa shi ne ke jan baitocin Ishiriniya da ka a makarantar dare ba tare da gargada ba.

Haka mawaƙi Hawad, haifaffen arewacin Agadez a 1950, wanda ke rubuta waƙoƙinsa da haruffan Tifinag, an fassara shi zuwa Faransanci da wasu harsuna. Ɗalibai da dama a garin sun fi sanin sunan marubucin Faransa da ya mutu shekara ɗari uku da suka wuce fiye da nasa.

Magani

Labari mai daɗi shi ne, matsanancin tsoron abu takamaimai na cikin larurorin ƙwaƙwalwa da suka fi jin magani, kuma galibi ba da ƙwaya ba. Hanyar da ta fi inganci ita ce tunkarar abin sannu a hankali tare da ƙwararre. Ga mai tsoron waƙa, za a iya somawa da kallon shafin kawai, sai sauraron wani yana karantawa, sai ya karanta ɗango ɗaya shi kaɗai, sai ya naɗi muryarsa a waya, sai gaban aboki guda, har a kai ga taro. A kowane mataki ana tsayawa har bugun zuciya ya sauka da kansa, domin jiki ya koyi cewa babu bulalar da ke tafe. Abin da ba a so shi ne a tura mutum tsakiyar fili da ƙarfi wai don ya saba. Wannan maimaita ranar resitasiyo ne kawai.

Wahalar ita ce samun ƙwararren. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar 'yan ƙalilan ne, akasarinsu kuma a Yamai suke, tafiyar kusan kilomita dubu daga Agadez. Ga kuma tsangwama: da an ce mutum ya je ganin likitan ƙwaƙwalwa sai a ce ya taɓu. 'Yan ci-rani a Turai sun fi samun damar, in sun yarda su nema.

Mutanen Abzin suna da tasu tsohuwar hanyar, wadda ta juya maganar gaba ɗaya. Susan Rasmussen, Ba'amurkiya masaniyar al'adu da ta zauna da Kel Ewey a yankin dutsen Bagzan, ta rubuta littafi a 1995 kan bikin tende n gumaten. Idan mace ta shiga wani hali na ƙunci da shiru, wanda ake dangantawa da mutanen daji, Kel Essuf, sai a ɗaure fatar akuya a bakin turmi, mata su taru da dare suna tafi suna rera baitoci, har marar lafiyar ta soma kaɗa kai ta bi karin. A can waƙa ce ake kira idan magana ta ƙi fita.

A ajin lakwal kuwa ana jiran a ga abin da zai sauya. Tun 1973 Nijar ta soma gwajin koyarwa da harsunan gida a Damagaram, kuma kundin sake gina ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Littattafan da ke hannun mushe a yawancin azuzuwa dai har yanzu na Faransanci ne, kuma hankaka na nan a kan reshe da cukunsa a baki.